Ƙunshin Bogumila

A Lodz, hawa na huɗu, daura da tsohuwar masaƙa
wadda yanzu takalma ake sayarwa a cikinta,
Bogumila Wrona ta ture kofin shayi gefe,
ta buɗe kwamfutar da jikanta ya ce a zubar.
Shekararta goma sha bakwai, kwamfutar.
Harufa uku sun goge, fanka na tari kamar mai asma,
amma Linux ɗin cikinta ɗan siriri ne,
ba ya cin ƙwaƙwalwa, ba ya son a lallashe shi.
Kafin ruwa ya tafasa ya riga ya wartsake.

Shekara talatin ta yi tana kiwon zare a can ƙasa,
ta san ƙarar ƙoshiya in za ta yi gardama.
Yau zarenta rubutu ne, fari a kan baƙin allo,
yana zubowa kamar ruwan indararo
har ya tsaya cak.
Kuskure, layi na dubu biyu da tara:
wane bai zo ba, kuma ba na tafiya sai da shi.
Ta nemo wane. Wane ya ce shi ma yana da 'yan rakiya uku.
Ta yi tsaki. Manhajar lissafi ce fa kawai,
ba ƙaurar gari ba.

Sai ta ɗauko almakashi.
Ta datse ado, ta yar da hotunan da ba mai kallo,
ta sallami ɗan rakiyar da ya zo cin tuwo kawai.
Megabait casa'in ya koma goma sha ɗaya.
Jirgin titi na ƙarshe ya wuce, taga ta girgiza,
dusar ƙanƙara na taruwa a kan keken maƙwabci.
Ƙarfe biyu da kwata injin ya yi shiru,
irin shirun da ke nufin an gama.

Ta naɗe shi, ta ɗaure bakin,
ta rubuta sunansa da lambarsa da abin da yake jingina da shi,
ta ajiye a rumbun da ba shi da ƙofa.
Ba ciniki, ba la'ada. Mai so ya ɗauka.

Kwana tara ba motsi.
Ranar goma, Eulogio Painemal, mai kiwon zuma a kudancin Chile,
ya aiko da layi biyu, ba ko gaisuwa:
"Ƙunshinki na mutuwa in na rubuta harafi mai rawani.
Lissafin amya arba'in na ciki."
Abin ya sosa mata rai. Ta kwana da shi.
Da safe ta gano: cikin abin da ta datse
har da ɗan zaren da ke riƙe haruffan wasu.
Garin neman sauƙi ta yanke wa mutum harshe.
Ta ƙulla, ta ƙara ɗaya a kan lambar, ta ba da haƙuri.
Ya amsa da hoton kwalba, rana na ratsa ta.

Bayan damina biyu kwamfutar ta cika, ba ta ko yi sallama ba.
Bogumila ta samo wata a kasuwar 'yan gwanjo,
ta shiga rumbu neman manhajar lissafi,
sai ga ƙunshinta, ya yi ƙiba kaɗan, lamba ta sha huɗu.
Wani Ilmar daga Tartu ya gyara masa wuya,
wata Yevheniya ta koya masa sabon harshe,
hannu shida ko bakwai, ba wanda ta taɓa gani.
Can ƙasan bayanin, sunanta na nan,
da kuskuren da ta yi a daren farko,
Wrnoa maimakon Wrona.
Ba wanda ya taɓa shi.

Ta sa yatsa za ta gyara, sai ta fasa.
Ta tashi ta ɗora ruwa.