Sambatun Sondor

Dare ya raba a tuddan Arkhangai,
ƙanƙara ta ɗaure bakin kogin Tamir,
busasshen kashin shanu na ci a murhu, jan ido ɗaya.
Sai Sondor ta juya cikin bargon fatar tumaki,
ta ce, "Kora shi hagu. Hagu na ce!"
Ido a rufe, ƙafa na harbin iska.

Kakarta Dolgor ko kai ba ta ɗaga ba:
"Ku ƙyale ta. Kurwar yaro akuya ce marar igiya,
ta fita kiwo, baki aka bari gadin gida.
Wanda ya amsa mata
ya ɓatar mata da hanyar dawowa."

Uwarta ta ce romon daren ne ya yi maiƙo.
Malamin da ke zuwa a babur daga Tsetserleg
ya taɓa ce mini kwanyar yaro ba ta kwanciya lokaci guda:
wani ɗaki ya kashe fitila, wani na shara,
harshe kuwa na zaune a bakin ƙofa,
bai ji an ce a watse ba.

Ni dai makiyayi ne. Abin da na sani,
salka in ta cika, ta wajen ɗinki take yoyo.
Tun safe muke ce mata: yi shiru, baƙo na shan shayi,
yi shiru, ana ƙirga tumaki,
yi shiru, iska za ta shiga bakinki.
To, ina maganar za ta je?

Shekaranjiya sanyi ya kashe ɗan ragonta
mai baƙin kunne, a gindin shinge.
Na kai shi bayan tudu kafin ta farka,
na ce kawunta Batsukh ne ya tafi da shi.
Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kurɓar madara.

Yanzu ga ta, murya ƙasa-ƙasa,
kamar mai lallashin ƙaninta:
"Baba, kar ka yi kuka. Ai na ga sawunka."

Amsa ta taso mini har maƙogwaro.
Dolgor ta ɗora yatsa a leɓe.

Da gari ya waye na tambaye ta me ta gani.
Ta ce, "Ba komai," tana neman takalminta ɗaya.
A waje kare ya yi haushi sau biyu.
Ta ɗauki guga, muka fita tare,
kowa da abin da ya haɗiye.