Mai Kiwon Zuma a Ɗaki na Tara

Tsanin bai karye ba. Ni na karye.
Ƙudan zuma sun yi ƙaura, sun sauka a reshen can ƙoli
bayan gidanmu a Radovljica.
Na hau da kwando, ina lallashinsu da murya ƙasa-ƙasa
yadda kakana ya koya mini,
sai reshe ya ce ƙas,
ƙasa ta taso ta tare ni, ba sallama, ba gaisuwa.

Daga cibiya zuwa tafin ƙafa, tsit.
Ƙafafuna sun kwanta a gado kamar baƙi biyu
da ba sa jin yaren gari.
Vida tana murza su da kakin amyata,
ina kallon hannunta, ba na jin taɓawa.

Ƙanƙara ta zuba sau biyu, ta narke sau biyu.

Sannan Likita Zdenka, a Ljubljana,
mai tabon haƙorin ɓera a ɗan yatsa,
ta ɗaga hoton bayana ga hasken taga.
"Duba nan, Jernej. Lakar ba ta tsinke duka ba.
Akwai zare uku ko huɗu da suka tsira.
Saƙo na saukowa daga kanka har yanzu,
amma da raɗa yake isowa,
waɗanda aka aiko wa kuma sun yi nisa a barci, ba amsawa."

Ta dafa ƙeyarta.
Ta ce can ciki, a gindin ƙwaƙwalwa,
akwai wani lungu da bai kai ƙwayar wake ba,
shi ke tada mutum kowace asuba,
shi ke zaburar da barewa kafin ta san me ta ji.
Shekara tara tana ɗosa masa lantarki a kan ɓeraye
masu jan gindi a ƙasa,
wasu cikinsu suka ɗaga ƙugu suna takawa.

Na ce, ni ba ɓera ba ne.
Ta ce, shi ya sa kai nake tambayarka.
Su ban yi musu wannan karamcin ba, ina sane, ba na mantawa.

Ido biyu suka huda ƙoƙon kaina.
Waya siririya, ba ta kai gashin doki ba.
"Ƙirga mana amyoyinka," in ji ta, "da launin ƙofarsu."
Ta fari shuɗiya. Ta biyu mai zanen zakara.
Ina kan ta sha bakwai
wani abu ya ratsa ni, ba zafi ba, ba motsi ba,
so ne kawai, tsirara, mai gaggawa.
Na ce, ku matsa, ina jin tashi.
Wani a bayan na'ura ya ja numfashi ya kasa saukewa.

Ku da ba ku kiwon zuma,
a tsakiyar sanyi amya kamar kabari take.
Sai ka kara kunne a jikin katako, ka ƙwanƙwasa sau ɗaya.
In da rai, za ka ji guɗa can ƙasa,
sun cure wuri guda, suna rawar jiki don ɗumama juna.
Mai gaggawa ya ce sun mutu. Jira suke, ba macewa.

Jiya taku sha ɗaya tsakanin ƙarafa biyu.
Na sha biyu ɗamarar rufi ce ta cafe ni.
Alojz na gadon kusa, wayarmu iri ɗaya, likitarmu ɗaya,
wata biyar ko yatsa bai motsa ba.
Zdenka na rubuta nasa a littafin da take rubuta nawa,
da alƙalami ɗaya.
Ya tambaye ta dalili. Ta ce, ban sani ba tukuna.
Shi ke ƙirga mini taku da ƙarfi,
ni kuwa na rasa inda zan sa idona in muna gaisawa.

Yanzu dare ne, an kashe na'urar.
Ƙanƙara na sauka a kan rufin motocin asibiti.
Alojz na minshari.
Na yaye bargo a hankali,
na lanƙwasa yatsa, na ƙwanƙwasa gwiwata sau ɗaya,
na riƙe numfashi, ina saurarawa.