Agogon Ruwa a Kan Tudu

Rumfata tana bayan Taminus,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai dankali.
Shekara talatin da ɗaya ina leƙen cikin agogo
da gilashi maƙale a ido ɗaya.
Yanzu kowa wayarsa yake dubawa.
Batir nake sauyawa, sai maɗauri in ya tsinke.

Ran Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Kachollom ta shigo, lemarta na ɗiga,
ta kwance ƙullin hankici a kan teburina.
"Na babana ne, Dalyop.
Ya riga shi tsayawa da shekara tara."

Na ɗauka, na ji nauyi a tafin hannu.
Baƙar fuska ta koɗe, ta koma launin shayi ba madara.
Ƙananan idanu biyu a cikin fuskar,
ɗaya na bin daƙiƙa, ɗaya na tara minti.
Ɗige-ɗigen da ke haske a duhu
sun tsufa, sun yi ruwan man shanu.
Maɓalli biyu a gefe,
a tsakiyarsu kan da ake wanawa,
mai murɗuwa ya kulle kamar murfin kwalba
don kada ruwa ya sami ƙofa.

A bayansa an zana: mita ɗari biyu.
Dariya ta kama ni.
A Jos? Mu da ke zaune bisa duwatsu,
ba mu ganin teku sai a kalanda?

Ta ce, "Malam Tanimu, kududdufan kuza fa?"

Sai na yi shiru.
Na san su, koren ruwan nan na Bukuru
mai kwanciya lumui, ba ya faɗin zurfinsa.
In laka ta toshe bakin famfon kamfani,
babanta ake ɗaura wa igiya a ƙugu.
Ya danna maɓallin sama, jan hannu ya tashi,
ya ja numfashi,
ya sauka inda rana ba ta bin mutum.

Na sa yatsa na juya zoben da ke kewaye da gilashin.
Ƙas, ƙas, ƙas. Hagu kawai yake zuwa.
Tura shi dama, ya ƙi.
Wanda ya ƙera shi ya san tsoro:
in dutse ya buge shi a ƙasan ruwa, ya goce,
zai ce lokacinka ya ƙare alhali da saura.
Ban taɓa ganin maƙaryaci mai tausayi irinsa ba.

Na buɗe bayan da ƙyar.
Robar da ke tsare ruwa ta bushe,
ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli.
Tsatsa kaɗan, busasshen mai,
sai can ƙarƙashin wani ɗan haƙori
ƙwaya ɗaya, baƙa, mai ƙyalli.
Kuza.
Ita ta riƙe masa wuya duk shekarun nan.

Na cire ta da hantsaki, na naɗe a takardar rasit.
Na wanke, na ɗiga mai, na wana sau ashirin.
Ya yi jim kamar mai tuna wani suna,
sannan ya fara tafiya.

Na ce, "Kada ki kai shi ruwa.
Irin robarsa ta ƙare a kasuwa,
ko alwala ban yarda da shi ba."

Ba ta ji ni ba. Ta danna maɓallin sama,
ta cika ƙirji, ta rufe baki.
Jan hannu na zagawa, muna kallo.
A arba'in da uku ta saki numfashi, tana tari.
"Shi minti biyu yake yi, har da goma."

Ta biya, ta sa ƙwayar kuzar a jaka.
Agogon ya yi mata yawa, yana zamewa har gwiwar hannu.
Ta buɗe lema, ta fita.
Ba ta tsayar da jan hannun ba,
ni ma ban tuna mata ba.