Tambaya Arba'in a Aliero

Sun ba ni takardu ɗari da biro goma,
wai in zaga gari in auno ji-da-kai
kamar mai awon gero da tiya.
Tambaya arba'in, kowace da layi biyu,
ka zaɓi wanda ya fi kama da kai.

Na fara da Kawu Nomau, dillalin albasa.
Na karanta masa: "In na shigo taro, a tashi,"
ko kuwa "Gefen tabarma ya ishe ni."
Ya ce, "Wagga har tambaya ta? A tashi mana!"
Talatin da uku ya samu.
Ya gyara hula, ya leƙa rumfar Hakilu,
ya rage murya: "Shi nawa yac ci?"

Gado mai ɗori, wanda in ya gyara ƙafa ɗaya
sai Jega ta ji labari kafin la'asar,
ya bi layin tawali'u daga sama har ƙasa.
Duk amsar da ya bayar sai ya ɗago ido
ya ga ko na lura.
Huɗu kacal. Na rubuta huɗu.
Biro bai da hurumin gardama.

Inna Ige mai daddawa ta tsaya a ta goma sha bakwai.
"Na fi tsarana iyawa."
Ta buɗe kwano, wari ya cika zaure.
"To ƙarya zan yi don takardarka ta yi kyau?"
Ban san gidan da zan sa ta ba.

Malaminmu ya ce maki ba hukunci ba ne,
inuwa ce, tsawonta na bin rana.
Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci.

Da dare, bayan an ɗauke wuta,
takarda ɗaya ta rage, ba mai ita.
Na cika ta da fitilar waya.
Na zaɓi gefen tabarma,
na zaɓi shiru, na zaɓi bayan sahu,
alhali zuciyata na can tana gwada
yadda sunana zai zauna a bangon kundi
da ruwan zinariya.

Shida na samu.
Na ji daɗi ƙwarai.
A tsakar gida Yaya Kulu na ɓare albasar miyar gobe,
ɓawo bayan ɓawo, tana share ido da gefen zane.
Na kusa fita in gaya mata.