Ramin Kwang a Kan Allo

Rifkatu, jawo kujera.
Shayin ya huce, bar shi nan.
Ga littafin Davou, ya dawo daga Kwang da laka har bango,
a shafi na huɗu ruwan inji ya lashe rabin lamba.
Shi za mu zuba a manhaja
kafin mai rijiya ya ƙwanƙwasa ƙofa da safe.

Kar ki taɓa komai sai kin duba ma'auni.
Davou da ƙafa yake ƙirga,
haka ubangidansa ya koya masa a ramukan kuzar Bukur.
Ita kuwa wannan, mita ta sani.
Na taɓa shagala,
sai ga rijiya mai mita ɗari da tamanin a takarda
inda bututu goma sha takwas kacal aka zura.
Mai gidan bai yi dariya ba.

To, rubuta.
Sifili zuwa biyu, ƙasar noma, baƙa.
Biyu zuwa tara, marmara, ja kamar an kwaɓa ta da manja.
Inda ɗaya ta tsaya nan ta biyu ke tashi,
ko tsinin allura kar ki bari a tsakani.
Kin ga jan rubutun da ya faɗo?
Ba zaginki take ba.
Cewa take yumɓu ya hau kan yashi,
kin ba su mita guda su kwana tare,
ƙasa kuwa ba ta ajiye biyu a gurbi ɗaya.

Ɗigo, Rifkatu, ɗigo.
In kin sa waƙafi sai ta haɗiye shi ba ko tari,
sha biyu da rabi ya wayi gari ɗari da ashirin da biyar.

Adana.
Eh, yanzu kika adana, sake.
Wutar unguwar nan ba ta sallama,
janaretonmu kuma sai an lallashe shi.
Ki sa kwafi a filashi, ki jefa a jakarki.
Daren da na yi asarar ramuka bakwai na Barikin Ladi
ban yi kuka ba,
na dai zauna ina kallon baƙin allo har aka kira assalatu.

Lambar arewa a gidan arewa, ta gabas a gabas.
Tara da takwas ne, suna ruɗin ido.
Juya su, ki buɗe taswira,
za ki tarar rijiyarki ta yi ƙaura can kudu da Langtang
ba tare da ta yi wa kowa bankwana ba.

In zanen ya fito fari fat, babu ɗigon yashi, babu zanen dutse,
kar ki zargi firinta.
Sunan da kika ba ƙasar ne babu a jerinta.
Zaɓa daga nata, ki ajiye naki a gefen bayani.
In kuma takarda ta yanke gindin ramin,
rage sikeli, duba kafin ki ɓata tawada.

Yawwa. Mun iso shafi na huɗu.
A nan aka sami ruwa, a nan lamba ta wanke.
Talatin da wani abu.
Na ga yatsanki yana lilo a kan biyar.
Ɗauke shi.
Duk abin da kika ba ta za ta zana shi tsaf,
da shuɗin layi mai kyau, kamar gaskiya,
a nan kuma za a rataye famfo,
Ngo Kaneng da ke ɗebo ruwa a tsohon ramin kuza
ta zo da bokiti ta ji iska tana fita.

Kira Davou. Na san dare ya yi.
Zai yi mita, ya ce ana sanyi,
sannan ya ce bututu na sha ɗaya ne,
dutsen ya sake murya,
ruwa ya jiƙe masa wando har gwiwa.

Sha ɗaya sau uku.
Rubuta.
Sai ki miƙo mini shayin, ko da ya yi ƙanƙara.