Zare Takwas

A Tawa, bayan tashar mota,
fanka ɗaya ce a ɗakin Nomau.
Ya juya ta wajen kwamfuta, shi ya sha gumi.

Zare ɗaya, daƙiƙa arba'in da biyu.
Ya rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.
Zare biyu, ashirin da uku.
Huɗu, sha huɗu.
Ya ce takwas kam sai tashi sama.

Takwas, sha tara.
Ya kurɓi shayin da ya huce, ya sake gwadawa.
Sha tara.

Sai rijiyar Kalfu ta faɗo masa:
mata takwas, guga ɗaya,
kowace ta kafa tulu tana jiran 'yar'uwarta.

Makulli ne, ga shi a layi na ɗari uku da shida,
wani baƙon hannu ya ɗaura tun bara waccan
ya bar ƙofa buɗe ga mai gyara.
Nomau ya kwance, ya ba kowace gugarta.

Takwas, bakwai!

Bai kai ga aikawa ba aka ɗauke wuta.
Ya zauna a duhu da bakwai a bakinsa
har ladan ya yi gyaran murya.