Ta Goma Sha Bakwai

Kwana tara da rufe Dijatu
na jingine babur a gindin darbejiya,
ƙofar gidan Hamajoda, hayin Mayo Luti.
Na yi gaisuwar rashi, aka miƙo ruwa a ƙoƙo,
sannan na zaro takarda, hannuna yana jin nauyi.

Ba neman mai laifi na zo ba, Goggo.
Haka nake farawa a kowane gida,
a kowane gida kuma sai an sunkuyar da kai.

Shekarunta?
An haife ta daminar da fara ta cinye gero.
Ciki na nawa?
Na shida, huɗu suna raye.
Yaushe naƙuda ta kama?
Bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa.
Jinin fa?
Tsohuwa ta dubi ungozoma, ungozoma ta dubi ƙasa.
Zani uku, ta ce, har da na sallah.

Mijin ya amsa daga bayan zana.
Mayo ya kawo ruwa a daren,
mai kwalekwale yana wancan hayi, wayarsa ba caji.
Sai asuba suka haye.
A asibitin Gidar akwai likita, babu jini.
A nemo ɗan'uwa, a nemo jaka talatin.
Ya ruga ya karyar da maraƙinsa,
ya dawo da kuɗi a dunƙule
ya tarar an ja mata mayafi har goshi.

Takardata gida-gida ce:
jinkiri a ɗaki, jinkiri a hanya, jinkiri a gadon asibiti.
Na cike duka ukun.
Babu gidan albasar da ta dasa a fadama,
wadda har yau babbar 'yarta ke yi wa ban ruwa.
Babu gidan adashi,
ga shi Jumma'ar nan ce kwasarta.

Goggo ta ce, 'yar nan,
wadda ƙasa ta riga ta karɓa,
me takarda za ta yi mata?

Ban iya cewa komai ba.
Da na ce mata a Garwa akwai taswira a bango,
duk wadda ta tafi wajen haihuwa
sai mu soka mata jan ƙusa;
cewa a mashigin nan nasu kaɗai ƙusa uku ne tun shuka,
kuma wanda bai ƙirga ba
sai ya ce ai tsautsayi ne, ɗaya ce.
Da na ce ina ƙirga ne don kwalekwale ya kwana a wannan hayi,
don firji ya kwana da jini.
Amma bara ma na ƙirga.

Jaririn yana cinyarta, ana ɗura masa nonon akuya.
Na sunkuya in yi masa addu'a,
ya damƙe bakin alƙalamina, ya ƙi saki.
Na jira.
Sai da barci ya kwance masa yatsu
na rubuta a saman shafi: goma sha bakwai.
A gefe, inda ba a tanadi wuri ba,
na ƙara: Dijatu.